Talatin Da Takwas Ɗin Kefas

Ku matso kusa 'yan uwa, abin da zan faɗa muku yau ba na alfahari ba ne. Kwana uku ina juya shi a raina, in rubuta ko in haɗiye, amma tunda na yi alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba a labarina da Kefas, to har wautata sai kun ji.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Saloma, shekarata ashirin da shida, ina koyar da 'yan aji biyar a wata firamare a nan Zuru. Kefas kuwa shi ne dogon da ya hana ni sukuni. Ɗan bariki ne, a Kaduna ya tashi, can ya koyi ƙwallon kwando, har wasan ya kai shi ƙasar Fotugal inda yake buga wa wata ƙungiya shekara biyu ke nan. Daminar bara ya zo hutu, ya shigo makarantarmu zai kafa wa yara ƙarfen kwando, ya buga goshinsa da saman ƙofar ajina. Yara suka fashe da dariya, ni ma na kasa riƙe tawa, shi kuma ya tsaya yana murza goshi yana kallona. Daga ranar ne abin ya soma.

Matsalar ita ce Baba. Saja Dominic mai ritaya, mutumin da har yau sai ya goge tsohon kakinsa da dutsen guga na gawayi kafin ya je taron coci. Kafin ya shiga soja, shekara bakwai ya yi yana golmo a gonar kakana a Manga. Ga waɗanda ba 'yan ƙasarmu ba, golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya, shi da abokansa a ƙungiya, damina bayan damina, kafin a ba shi ita. Da haka Baba ya samu Mama, kuma ba ya gajiya da faɗa. Ya san zamani ya canza, bai ce sai wani ya yi shekara bakwai a kaina ba. Abin da ya kafe a kai shi ne, ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da sana'arsa wasa ce ba. Ya ce ya ga hafsoshi suna jefa ƙwallon nan a bariki da yamma bayan an tashi aiki, abin motsa jini ne, ba abin riƙe gida ba.

Kawunnan Kefas sun aiko cewa za su zo gaisuwa ranar Asabar. Ran Litinin da yamma Baba yana zaune a kujerarsa ta ƙarfe ƙarƙashin mangwaro, ya kira ni. Mahaifiyata, Mama Talatu, tana gefe tana tsintar wake a faifai, kanta a ƙasa, amma na san kunnenta yana wajenmu.

"Malama," ya ce, don haka yake kirana in zai yi magana mai nauyi, "kowane aiki yana da takarda. Soja yana da ita, ke ma kina da ita. In da gaske aiki yaron nan yake yi, a kawo mini takardar aikinsa in gani da idona kafin Asabar. In babu, kada mutanensa su ɓata man mashin ɗinsu."

Na ce to Baba. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado ina kallon Nokiyata. Ga Gwaggo kuma tun watan jiya take zarya gidanmu da zancen wani laftana ɗan ƙawarta, mai albashi da fansho. Na tabbata in aka mayar da kawunnan Kefas, washegari za ta iso da hoton laftanan a jaka.

Na rubuta wa Kefas saƙo na gaya masa yadda muka yi. Ba a jima ba wayar ta yi ƙara.

"Je ki kafe, shagon kwamfuta, ki sa sunana a intanet. Duk wasan da muka buga suna rubutawa. Amma kar ki yi dariya, ni ba mai cin maki ba ne, mai rabawa ne."

Na mayar masa: "Rabon me? Sadaka kake yi a can?"

"Za ki gani. Ki gaida Baba. Ina kewarki har abinci ba ya shiga."

Wannan ƙarya ce, na san Kefas, ko a gadon asibiti sai ya cinye kwano biyu. Amma na karanta saƙon sau huɗu.

Ran Talata ana tashi daga makaranta na hau kabu-kabu zuwa kafe. Zafin watan Maris ne, irin wanda ke sa alli ya manne a tafin hannu. Ina sanye da atamfata ruwan ganye mai zanen tsuntsaye, na ɗaura ɗankwali a gurguje, jakata cike da littattafan jarrabawar yara da ban gama dubawa ba. Ku riƙe zancen littattafan nan, don su suka kai ni suka baro.

Kafen shago ɗaya ne dogo, kwamfuta shida a jere, fanka tana juyawa kamar ba ta so, janareta yana ruri a baya. Ƙawata Bilki ce ke kula da wurin. Tare muka yi sakandare, ta je Birnin Kebbi ta koyi kwamfuta, ta dawo da tabarau da kuma baki. Tana ganina ta gyara mayafinta ta ce, "Ɗiyar Saja, mi ya kawo ki? Ko dogon naki ya aiko hoto?"

Na gaya mata abin da ke tafe da ni. Ta ja kujera kusa da tawa, ta buga sunansa. Shafin ya ɗauki lokaci kafin ya buɗe, yana saukowa kaɗan-kaɗan daga sama. Gashin kai ya fara fitowa, sai goshi, sai idanu, sai wannan murmushin nasa mai karkata gefe guda. Yana sanye da riga ja marar hannu mai lamba tara, ga sunansa a rubuce ɓaro-ɓaro, a ƙasa an sa Najeriya. Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Yaron da kakarsa ke sayar da daddawa a kasuwar Zuru, ga shi a cikin kwamfuta duniya tana kallo.

Sai muka sauka kan lambobin. Layi ne guda, kowace lamba da wasu haruffan Turanci a samanta waɗanda ba su haɗa kalma ba. Mun gane ashirin da biyu, wasannin da ya buga ke nan. Mun gane bakwai, makin da yake ci a kowane wasa. Akwai wani shida da ba mu san na mene ne ba. Sai kuma wadda ta tsaya mini a wuya: talatin da takwas, da alamar kashi cikin ɗari a gefenta.

'Yan uwa, ni malama ce. A ajina arba'in ne makin tsira. Duk wanda ya samu talatin da takwas, jan biro nake ɗauka in zagaye masa, in rubuta ya ƙara ƙoƙari. A daidai lokacin akwai yara uku a jakata da na zagaye wa irin wannan makin da safe. Ga saurayina, wanda na tsaya gaban Baba na ce gwani ne, ya tsallaka teku ya je ya faɗi jarrabawa a gaban Turawa. Sai na tuna ya ce kar in yi dariya, na ce a raina ashe abin da yake nufi ke nan.

Bilki ma ta ƙura wa allon ido. Ita ma ƙwallon kwando ba ta san gabansa da bayansa ba. Can ta matso ta rage murya.

"Saloma, Baba Saja in ya ga wanga, an gama. Amma kin san takarda ce. Sai in kwahe shi in sa cikin wani shahi, in juya lambar. Takwas ta zo gaba, uku ta koma baya. Wa zai sani?"

Na ce mata a'a, Allah ya kiyaye. Na faɗa da ƙarfi har wani mai duba sakamakon jarrabawa a kwamfuta ta uku ya waiwayo. Bayan minti biyar kuma, ni ɗin dai, na ce mata to ta gwada mu ga yadda zai fito, ba wai zan yi amfani da shi ba. Kun san irin wannan gwajin. Ta buga mini guda biyu, ta gaskiya da ta gyara. Ta gyaran ta fi kyau ma, don Bilki ta ƙara wa hoton girma. Na naɗe ta gaskiyar na cusa can ƙasan jaka tsakanin littattafan yara, ta gyaran kuwa na sa ta a cikin sabon ambulan.

A hanya ina ta lallashin kaina. Na ce ai ba ƙarya ba ce sosai, lambobin duk nasa ne, wuri kawai suka canza. Na ce in aka yi aure wa zai sake tambaya. Har na fara jin kamar wani taimako na yi wa gidaje biyu.

Na tarar da Baba ya dawo daga gona, ya yi wanka, yana shan kunun da Mama ta dama. Na durƙusa na miƙa masa ambulan da hannu biyu. Ya ajiye kofin, ya aike ni in ɗauko masa tabarau a kan rediyo. Ya daɗe yana kallon hoton, har na ga gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ya sa yatsa a kan lambobin yana bi ɗaya bayan ɗaya, ina yi masa bayani. Da muka kai kan tamanin da uku, na gyara murya na ce, cikin duk jifa ɗari da ya yi, tamanin da uku ke shiga kwando.

Ina jiran ya ce madalla. Sai ya cire tabarau ya ninke.

"Tamanin da uku."

"E, Baba."

"Yana gudu, ana tura shi, wani ƙato ya ɗaga hannu a gabansa."

Na ce haka ne.

"Shekara ashirin da biyu na yi da bindiga a hannu," ya ce. "A filin gwaji allo yana tsaye, ba ya gudu, ba mai taɓa ka, ka kwanta ka saita yadda kake so. Ko a nan, wanda zai samu haka sai an tara bataliya. Na kuma ga yadda ake wasan nan da idona. Wanda ya rubuta wannan lambar bai taɓa jifa ana tare shi ba, ko kuma maƙaryaci ne."

Ya mayar da takardar cikin ambulan a hankali. Ya ce da ya ga hoton har zuciyarsa ta fara saukowa, don yaron ya yi kama da mai kunya. Amma mutumin da zai sa a rubuta masa abin da bai yi ba don ya burge surukai, ba zai zauna a tabarmar gidansa ba. Talauci ba ya hana shi ba da 'ya, wasa ma da zai iya daurewa, ƙarya ce ba ya ɗauka. Ya ce gobe in aika wa kawunnan su yi zamansu.

Na tashi na shige kicin kamar mara gaskiya, to ai mara gaskiyar ce. Mama tana tuƙa tuwon dawa, ba ta ko kalle ni ba ta ce, "Yaron nan ko takardar ma bai gani ba. Me kika yi, Saloma?" Uwa dai uwa ce. Na fashe da kuka a gindin murhu na gaya mata komai. Ba ta yi faɗa ba, ta ci gaba da tuƙinta, ta ce ita ba za ta kai maganar ba, bakin da ya ɓata shi zai gyara. Ta ce in bar shi ya huce, in same shi da safe.

A lokacin saƙon Kefas ya shigo: "Kin duba? Me Baba ya ce?" Ban amsa ba. Me zan ce masa? In ce na mayar da shi maƙaryaci a gidanmu yana can bai san hawa ba bai san sauka ba?

Da safe Baba yana wasa fartanyarsa a kan dutse a tsakar gida. Na riga na yi shirin makaranta, na saka farar riga da siket baƙi. Na zaro takardar gaskiyar daga ƙasan jaka, duk ta yamutse, har jan biro ya ɗan taɓa gefenta. Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, Kefas bai yi ƙarya ba. Ni na yi. Ga ta gaskiyar."

Na faɗa masa duka, ban rage ba. Na ce talatin da takwas na gani, na ji tsoro zai ce ya faɗi, shi ya sa na juya. Ya karɓi takardar ya duba, ya dube ni. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi a kan wannan kallon. Ya jingina fartanyar da bango ya shiga ɗaki. Ina nan a durƙushe har gwiwata ta fara ciwo. Da ya fito, kakinsa ne a jikinsa, an goge shi ƙal, da hularsa da sandar hannu.

"Takarda biyu kin kawo mini, kowacce da bakinta," ya ce. "Yanzu ban yarda da ko ɗaya ba. Ki aika makaranta ki ce za ki makara. Kai ni wurin injin."

Baba bai yarda da kabu-kabu ba, a ƙafa muka tafi, yana gaba ina biye kamar wadda aka kamo. Mutane suna gaishe shi a hanya, yana ɗaga sanda. Muna shiga kafe Bilki tana share kwamfutoci da tsumma. Da ta ga kaki sai tsumman ya faɗi. Ta zube ƙasa tana cewa, "Baba Saja, ina kwana, an tashi lahiya? Wallahi laihina ne, ni na ba ta shawara." Ya ce ta tashi, shawara ba ta kama hannun kowa, ta kunna masa abin kawai.

Aka ba shi kujerar tsakiya. Ya zauna a miƙe, sanda a tsakanin gwiwoyi, yana kallon hoton Kefas yana saukowa daga goshi. Da lambobin suka fito ya sa Bilki ta nuna masa talatin da takwas ɗin da yatsa, ya gyaɗa kai. Sai ya yi tambayar da ni mai takardar koyarwa ban yi tunanin yi ba jiya. Ya ce ina na sauran? Ai ba a auna soja shi kaɗai, sai a jera shi da 'yan sashensa.

Bilki ta nemo shafin ƙungiyar gaba ɗaya, mutum goma sha biyu a jere. A ƙasan shafin ma ashe akwai bayanin kowane harafi, jiya tsoro bai bar mu mun gangara can ba. Ta karanta tana fassarawa. Talatin da takwas ɗin nan ashe na jifa daga nesa ne, daga bayan wani dogon layi da aka zana a filin. Muka bi na sauran. Talatin da ɗaya. Ashirin da tara. Talatin da huɗu. Akwai mai ashirin da biyu ma, wani Bature mai gemu. Mutum ɗaya tak ya fi Kefas, shi ma da biyu kacal ya fi shi.

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Abin da na ɗauka faɗuwa ce ashe shi ne na biyu a ajinsu.

"Daga nesa, ana tare shi," Baba ya ce, kamar da kansa yake magana. "Wannan hannu ne."

Amma bai tsaya nan ba. Ya lura a layin maki sunan Kefas yana can ƙasa-ƙasa, bakwai kawai, alhali wasu suna da goma sha takwas, wani ma ashirin. Ya ce in yana da hannu haka, me ya hana shi jifa? Ni ma tambayar ta kama ni. Sai ya nuna layin da ke da shidan nan da ba mu gane ba jiya, inda sauran duk ɗaya ne ko biyu. Ya ce wannan fa, da ya fi kowa?

Bilki ta duba bayanin ta ce, "Wanga shi ne sau nawa mutum ya miƙa ma wani ƙwallo, wancan ya jeha ta shiga. Makin na wanda ya jeha ne, amma suna rubuta wanda ya ba shi." Ta danna wani wuri, jerin masu miƙawa na ƙasar gaba ɗaya ya fito. Sunan Kefas ne na uku.

Baba ya matso da fuskarsa kusa da allon. Fanka tana ta juyawa. Can ya ce, "Suna rubutawa?"

Bilki ta ce e, kowane wasa.

Ya jingina da kujera, karo na farko tun shigowarmu. Ya ce a ƙungiyarsu ta golmo su goma sha ɗaya ne, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta wancan. Akwai wani a cikinsu, Talle, wanda ya fi kowa ƙarfin hannu, amma kullum shi ne na ƙarshen fita daga layinsa. Dalili, duk wanda ya ga ya gaji a gefensa, sai ya tsallaka ya cinye masa rabin layi, don kada a ji kunya a gaban iyayen yarinya. Masu kallo daga bakin gona suna cewa Talle rago ne. Surukinsa ma har ya so ya hana shi matar, sai da su goma suka je suka durƙusa suka yi bayani.

"Shekarar da zazzaɓi ya kama ni, shi ya fitar da ni a gonar kakanki," ya ce. "Ba don shi ba da ba a haife ki ba. Ya rasu ba wanda ya taɓa rubuta masa ko layi ɗaya." Ya sake kallon allon. "Ashe akwai inda ake rubutawa."

Ban taɓa ganin idon Baba ya yi ja ba sai ranar. Ni da Bilki muka sunkuyar da kai kamar ba mu gani ba. Ya share fuska da hankici, ya ce zafin shagon nan ya yi yawa, ya kamata a gyara fankar. Sannan ya sa Bilki ta buga masa shafin ƙungiyar da na ƙasar, ya tsaya a kan injin da kansa har takardun suka fito, ya ninke su ya sa a aljihun gaba ya maɓalle.

Da muka fito rana ta ɗaga. Muka tsaya a inuwar wata bishiyar dogon yaro a bakin titi, masu kabu-kabu suna wucewa suna yi mana hon. Ban san hukuncin da zai yanke ba. Ya tambaye ni yaushe suke gama wasan a can. Na ce ƙarshen watan Mayu. Ya ɗan lissafa da yatsu ya ce daidai saukar ruwa ke nan, zai ga yadda mai rabawa zai yi da fartanya a Manga ko da na sati ɗaya ne, don ya san ƙasar da matarsa ta fito.

Matarsa. Kun ji abin da ya ce? Na kusa yin tsalle a bakin titi da siket ɗin makaranta.

"Kawunnansa su zo Asabar ɗin," ya ce. "Ki gaya wa uwarki a kama zakara biyu."

Na durƙusa a nan cikin ƙasa ina godiya, hawaye yana zuba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in tashi, bai ƙare ba.

"Shi na gama da shi. Saura ke. Yaron nan ya yi talatin da takwas da guminsa a ƙasar da ba shi da kowa, bai ɓoye ba, shi ya ce ki je ki duba. Ke kika ji kunyarsa. Ni kin ba ni haƙuri, amma ba ni kika fi yi wa laifi ba. Kira shi."

Na ce Baba yanzu yana wurin atisaye, in bari sai anjima in rubuta masa saƙo. Ya ce abin da aka yi da hannu a ɓoye, da baki ake faɗarsa a fili. Ya tsaya yana jira, ya dogara da sandarsa.

Na nemo lambar na kira. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ina addu'a a raina kada ya ɗauka, ina kuma addu'a ya ɗauka. A na biyar ya ɗauka. Ina jin ƙarar ƙwallo a kan katako da kukan takalma a bayansa, yana haki.

"Saloma? Tun jiya nake jiranki, ko lafiya?"

Kafin in buɗe baki Baba ya miƙo hannu. Na ba shi. Ya riƙe wayar nesa da kunne kaɗan yadda ya saba, ya ɗaga murya kamar Fotugal ɗin a bayan dutse take.

"Kefas? Saja Dominic ne. Na ga aikinka. Mutanenka su zo, ƙofa a buɗe take." Ya saurara. Daga inda nake ina jiyo muryar Kefas tana sarƙewa, yana ta na gode Baba, na gode Baba. Baba ya ce, "To, ya isa. Riƙe godiyar tukuna. Ga Malama, tana da maganar da za ta faɗa maka, ka saurare ta har ƙarshe."

Ya miƙo mini wayar, ya juya ya kama hanyar gida, bai waiwayo ba. Na kara ta a kunne. Ƙarar ƙwallon ta tsaya, da alama ya fita waje. Muryarsa cike da murna, har dariya yake yi.

"Saloma, kin ji abin da Baba ya ce? Me kika nuna masa haka?"

Na jingina da jikin bishiyar.

"Kefas," na ce, "nemi wuri ka zauna. Takarda biyu na kai masa."